Wai tinka shi ne mai rufin kwano, ko kowa da sunansa?

Abba_Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sana'ar hannu da malaman Hausa na zauren nan ku raba mana gardama. Kawuna yana da rumfa a wajen Ƙofar Ruwa, aikinsa yanka falankin kwano da lanƙwasa shi, yana yin indararo, yana yin hular nan da ake kifawa a tsakiyar rufi, kuma idan rufin mutum yana yoyo shi ake ɗauka ya hau ya gyara. Ya ce in sa a buga masa allo da ɗan kati, ni kuma na rubuta TINKA. Babban yaronsa na gani ya ce sam, wai tinka mai liƙin bokiti ne da yin aci-balbal, su sun wuce nan. Na ce to kafinta? Ya ce su ba sa taɓa katako. Maƙeri fa? Ya ce ina na ga zuga-zugi a rumfar. To jama'a me ake ce wa mai wannan sana'ar, kuma ita kalmar tinka ɗin iyakarta ina?

Sadiq Fagge:
Wa alaikumus salam. Ka rubuta mai kwano kawai ka huta

Ummu Hanan:
Mai kwano kuma? Ai sai mu mata mu yi ta sallama muna neman samira da fanteka hhhh

Malam Tijjani:
Abba, yaron kawunka raini ne kawai ya hana shi karɓar sunan amma sunansu ne. Tinka kalmar aro ce daga Turanci, tinker, ta shigo tare da 'yan uwanta irin su kafinta, birkila, tela, makanike da direba. A can asalinta mai yawo gida-gida ne yana gyaran tukwane da butocin ƙarfe. Da ta zo bakin Bahaushe sai ta zauna a kan duk mai sarrafa ƙarfe marar kauri, gwangwani ne ko garwa ko falankin kwano, ya auna ya yanka da almakashi ya lanƙwasa ya haɗa baki ya liƙe da darma. Abin dubawa shi ne yadda ake aikin, ba girman abin da aka yi ba. Maƙeri sai ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja sannan ya buga. Tinka kuwa da sanyinsa yake lanƙwasa shi, wutarsa ta narka darma ce kawai. Wanda ya yi mazurarin mai da wanda ya yi indararon bene hannu ɗaya ne.

Jikan Maƙera:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ka faɗi gaskiya a kan wuta. Don Allah kar kowa ya ce masa maƙeri. Ba wai raini ba ne, amma ƙira gado ce kuma tana da tsari. Akwai maƙeran baƙi, su ne namu, fartanya, garma, lauje, gatari, wuƙa, linzami, kayan aikinsu uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi da gawayin ƙirya. Akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla, zobe, awarwaro, kayan adon doki. Muna da Sarkin Maƙera, muna da unguwanni da sunanmu, ka shiga cikin gari ka tambayi Lokon Maƙera. Kai shi kansa garin nan, labarin da aka gada shi ne wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama ya sauka a gindin Dala, zuriyarsa su ne Abagayawa. To mutumin da bai taɓa riƙe jan ƙarfe da awartaki ba ta ina zai shiga wannan layin

Bello Zazzau:
An fara. Tambaya aka yi a kan allon shago, Bakano ya kai mu Dala. Saura kaɗan a ce Kanawa ne suka ƙirƙiro kwanon ma

Jikan Maƙera:
Bazazzagi ka yi shiru manya na magana, in an zo kan gini za mu kira ka

Usta Kabiru Kafinta:
Ni fa ban yarda da maganar Malam Tijjani gaba ɗaya ba, Malam ka yi haƙuri. A garin nan in ka ce rufi to kafinta ake kira, ko yaro ya san haka. Birkila na gama linta ya ɗora bulonsa na sama mai gida zai ce a nemo kafinta. Mu ne za mu yi lissafin katako, tu-bai-fo nawa tu-bai-tu nawa, mu shafa masa baƙin mai saboda gara, mu ɗaure shi da langa-langa a jikin gini, mu ce bandir nawa na kwano za a saya, bandir ɗaya falle 20 ne, mu buga, mu dawo mu yi silin. A duk wannan ina tinka? Sai dai in mun zo kan indararo ko kwarin da rufi biyu suka haɗu mu auna mu aika a lanƙwaso mana. Don haka mai rufin kwano kafinta ne, kawun Abba kuma mai yi wa kafinta kayan haɗi ne.

Malam Tijjani:
Usta ai ba mu saɓa ba. Ni ban ce duk mai rufi tinka ba ne, cewa na yi aikin da Abba ya lissafa aikin tinka ne. Kai ma da bakinka ka ce kuna aikawa a lanƙwaso muku, to wa kuke aika wa?

Usta Kabiru Kafinta:
Mu dai cewa muke a kai wa masu lanƙwasa

Sadiq Fagge:
To shi ke nan an samu suna, MAI LANƘWASA. Abba a buga allo

Ummu Hanan:
Wannan kuma sai a ɗauka ɗan siyasa ne

Hon. Ɗanliti:
Ni wlh da na ga kan maganar na ɗauka zancen 'yar tinƙe ake, har na gyara zama na ce yau akwai ƙato bayan ƙato

Auwal Jamus:
Jama'a wannan rigimar ba a Kano kaɗai take ba, bari in ba ku ta nan inda nake. A Jamus sana'ar kawun Abba sana'a ce mai zaman kanta da ake koya shekara uku da rabi, wani lokaci kana wajen aiki wani lokaci kana makaranta, amma sunanta ya danganta da inda kake. A arewa Klempner suke cewa, a kudu wajen Baberiya da Ostiriya da Siwizalan Spengler, a yankin Shitutgat kuma ka ji Flaschner, wasu su ce Blechner. Duk mutum ɗaya ne, mai aikin falankin ƙarfe a kan rufi da jikin gini, indararo, bututun saukar ruwa, kewayen bututun hayaƙi. Mai rufi kuma sunansa daban, Dachdecker, shi shekara uku yake koyo. Kafinta mai ɗora katakon shi ma daban, Zimmermann. Abin dariyar shi ne mutumin gari in famfonsa ya lalace ko masai ya toshe sai ya ce a kira masa Klempner, su kuma masu sana'ar haushi suke ji kamar yadda yaron kawun Abba ya ji, suna cewa mu ba masu gyaran famfo ba ne.

Injiniya Nura:
Auwal akwai dalilin da ya sa ake cakuɗa su. Shi kansa falamba da muke cewa, daga Turanci plumber, asalinsa kalmar Latin ce plumbum wato darma, shi ya sa a kimiyya alamar darma Pb ce. A da can a Turai da darma ake yin bututun ruwa, da ita ake shimfiɗa rufin manyan gine-gine da toshe mahaɗar rufi, don haka mutum ɗaya ne yake yin duka biyun. Daga baya sana'ar ta rabu, wani ya bi bututu ya shiga banɗaki wani ya tsaya a saman rufi, sunan kuma ya bi ɗaya ya bar ɗaya.

Alhaji Sani Jidda:
Haka abin yake a Larabci. Samkari asalinsa tinka ne, amma a nan Saudiyya in ka ce samkari kowa gareji zai nuna maka, mai buga jikin mota in ta yi hatsari, wanda mu muke ce wa fanel bita. Mai famfo sabbak, mai walda da ƙofofin ƙarfe haddad wato maƙeri, kafinta najjar. Ka ga su mai walda ma maƙeri suke ce masa ba su damu ba. Jikan Maƙera sai haƙuri

Jikan Maƙera:
Alhaji su suka sani. Mu a nan mai walda mai walda ne. In an ɗauke wuta ya zauna ya yi tagumi ko ya nemi man janareta, mu kuwa ko NEPA ta shekara ba ta kawo ba aikinmu ba ya tsayawa

Walda Boy Kurna:
Baba Jikan Maƙera da girmanka. Yanzu gidan naka ƙofar da ke jiki waye ya yi? Tagogin fa? Kuma tunda ana zancen rufi, ku je ku duba manyan masallatai da sito-sito na Sharaɗa da Bompai da Chalawa ku gani ko akwai katako a sama. Ƙarfe ne muke haɗawa mu ɗora, a zo a ɗaure dogon kwano da noti. Ko Usta Kabiru bai isa ya ce rufi nasa ne shi kaɗai ba yanzu

Usta Kabiru Kafinta:
Yaro gida nawa ne a Kurna aka rufa da ƙarfe? Ka ƙirga ka dawo

Hajiya Mai Adashi:
Ni dai ku bar raina tinka don Allah. Mu da muka taso a cikin gari kusa da Kurmi mun san amfaninsu. Akwai wani dattijo a bakin layinmu, Allah ya jiƙansa, in an aike ni kai bokiti sai in tsuguna in ƙi tafiya. Yana da guntun ƙarfen titin jirgi a gabansa, shi ne teburinsa. Zai ɗauko garwar kananzir ya farke ta ya baje, ya zana da ƙusa, ya bi zanen da ƙaton almakashi, ya ɗora bakin a kan ƙarfen nan yana bi da gudumar katako kaɗan-kaɗan har ya kwanta, ya yi wa ɗaya gefen haka, sai ya saƙala su cikin juna ya danne. Sannan ya zaro ƙarfen liƙi daga cikin gawayi, ya shafa wani ruwa a wurin da ɗan tsinke ka ji ya yi cuuu, ya goga darma ta bi layin tana sheƙi. In ya gama sai ya cika da ruwa ya ɗaga sama ya ce 'yata duba ko kin ga ɗigo. Mazurari, ma'aunin mai, rariya, kurfoti, asusun yara, akwatin ƙarfe mai fenti da ake kai amarya da shi, duk daga hannunsu. Lokacin wahalar kananzir ta zamanin Abacha waye ya fitar da mata kunya in ba su ba, da murhun nan na ɗiɗɗigar katako da har yau sunan Abacha ake kiransa da shi. Roba ce ta zo ta kashe musu kasuwa, shi ya sa yaran yanzu suke ganin sunan kamar zagi.

Malam Tijjani:
Hajiya kin tuna min. Su kansu 'yan garuwa daga garwar nan suka samo suna, da ita ake ɗaukar ruwa guda biyu a rataye a sanda kafin jarka da kura su zo. Yau ba mai ɗaukar garwa amma ba wanda ya canza musu suna.

Abba_Gwammaja:
Na gode kwarai Hajiya. Gaskiya shi kawun da kansa da irin wannan aikin ya fara, har yanzu guntun ƙarfen jirgin yana nan a rumfar, sai dai yanzu akwai injin lanƙwasa na hannu mai tsawo da suke saka falle guda a ciki. Shi bai ce komai ba a kan sunan, yaran ne suke ta hayaniya

Maman Khalifa:
Tunda masana sun taru bari in shigo da tawa. Ɗakina duk damina sai ya yi yoyo ta kusurwa ɗaya, silin har ya yi baƙi ya kumbura. An kawo kafinta ya ce ba laifin kwano ba ne a nemo birkila, birkila ya zo ya shafa siminti ya karɓi kuɗinsa, ruwan farko ya dawo. Yanzu wa zan kira cikin duk waɗannan da kuke lissafawa?

Usta Kabiru Kafinta:
Hajiya rufin naki mai fita waje ne ko na ɓoye wanda bango ya kewaye?

Maman Khalifa:
Na ɓoye ne, ba a ganin kwanon daga waje

Usta Kabiru Kafinta:
To matsalar a mahaɗar kwano da bango take ko a cikin indararon. Siminti ba ya kama kwano, rana ta buga kwano ya motsa dare ya yi ya koma, dole ya tsage. Sai an tsaga bangon an cusa falle an lanƙwaso shi ya rufo kan kwanon, sannan a duba indararo ko ya yi ƙanƙanta ko leda da ƙasar iska sun toshe bakinsa ruwa yana komawa baya. A sa yaro ya hau ya share kafin ruwa ya sauka, yawancin yoyon garin nan daga nan ne

Sadiq Fagge:
Usta waye zai lanƙwaso fallen?

Usta Kabiru Kafinta:
Kai Sadiq ka fiye neman magana

Malam Tijjani:
Maman Khalifa ki nemi kawun Abba, ko me aka rubuta a allon.

Bello Zazzau:
An ce in an zo kan gini a kira ni, to ga ni. Duk wannan rigimar baƙuwa ce saboda shi kansa kwanon baƙo ne, bai yawaita ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kafin nan rufi iri biyu ne kuma kowanne da mai shi. In soro ne aikin magina ne, su jera azara ta giginya wadda gara ba ta ci, su shimfiɗa zana ko asabari, su ɗora ƙasa, su bi da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara don kar ruwa ya shiga, su ja rawani su fitar da zankwaye, indararo kuma na ƙasa ne ko na icce. In ɗakin ciyawa ne a ɗaura jinka a yi yanta a baibaye. Ba kafinta ba tinka. Wanda yake son ganin iyakar gwaninta ya zo Zariya ya ga bakan gizon gini da ke riƙe da rufin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19. Ku kuma ku leƙa Gidan Makama ku ɗaga kai sama, ba laifi kun ɗan yi ƙoƙari

Jikan Maƙera:
Gidan Makama da ya girmi masallacin naku da ɗaruruwan shekaru shi ne mun ɗan yi ƙoƙari? Allah ya shirye ka Bello

Hon. Ɗanliti:
Daga tinka an koma jinka, saura 'yar tinƙe ta dawo in samu bakin magana

Injiniya Nura:
Wani abu da ke ƙara rikita mutane shi ne sunan ƙarfen kansa. Kwanon rufi da ake ce wa zinc ba tutiya ba ce zalla, baƙin ƙarfe ne aka yi masa wanka da tutiya don kar ya yi tsatsa, in wankan ya ƙare shi ne kuke ganin rufi ya yi ja. Gwangwanin madara da na tumatir shi ma baƙin ƙarfe ne amma da kuza aka shafe shi. Akwai wanda ake shafa wa haɗin alminiyam da tutiya, alminiyam ɗin kusan kashi 55 cikin ɗari, ya fi jure tsatsa. Sai dogon kwano na alminiyam zalla da ake yankowa daidai tsawon rufinka, sai mai yashi a jiki da masu kuɗi ke yayi yanzu. Ita darmar liƙi ma ba darma ce zalla ba, haɗi ce da kuza. Kuma kuza ba sai Jos ba, a jihar nan muna da ita a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, mutanen wurin suna narka ta tun kafin zuwan Turawa.

Baban Ilham:
Injiniya tunda ka taɓo dogon kwano, a ja kunnen jama'a a kan kauri. Ni na biya kuɗin mai kaurin milimita 0.55 a wani kamfani, rasit ma haka aka rubuta, da aka kawo mai bugawar ya taɓa da hannu ya ce Alhaji wannan bai kai ba. Aka aro ma'auni aka gwada ko 0.45 bai cika ba. Na koma suka ce wai da fenti ake aunawa. Duk wanda zai saya ya tafi da mai aikinsa a auna a gabansa kafin a yanka, in an yanka magana ta ƙare

Walda Boy Kurna:
Wlh haka suke yi har a fayif da rodi

Zee Kabara:
Ni tambayata ga Malam Tijjani, dole ne sai an samu kalma ɗaya? Mu Hausawa ai da mai muke gama komai, mai walda, mai faci, mai gyaran famfo, mai alminiyam. In ya rubuta mai indararo da gyaran rufin kwano waye ba zai gane ba

Malam Tijjani:
Zee ba dole ba ne, kuma don kasuwa taki ta fi saurin kawo ciniki. Ni abin da nake ƙi shi ne a jefar da kalma don kawai yara suna jin kunyarta. Tela bai daina zama tela ba don ya bar keken ƙafa ya koma na lantarki. In masu injin lanƙwasa suka riƙe sunan tinka, nan da 'yan shekaru abin da mutane za su fahimta da shi ke nan.

Auwal Jamus:
Malam su ma na nan da suke ta faɗa da mutane a kan sunan, a jikin motarsu za ka ga sun rubuta sunan sana'ar da manyan baƙi sannan a ƙasa sun jera abin da suke yi. Abba ka yi haka mana

Usta Kabiru Kafinta:
Ya rubuta abin da ya ga dama amma kar in ga kalmar rufi ita kaɗai a allon, a sa gyaran rufi. In ya fara karɓar rufi sukutum to ya shigo gonarmu

Abba_Gwammaja:
Hhhh Usta an ji. Na karanta wa kawu duk abin da kuka rubuta, ya yi ta dariya a kan maganar Hajiya Mai Adashi ya ce ya san irin dattijon da take nufi. Shi ya ce a bar tinka, yaran kuma sun ce in aka sa tinka su ba za su raba katin ba, wai a sa injiniyan kwano. Mai buga allon ya ce in kai masa rubutun gobe da safe

Injiniya Nura:
Injiniyan me? Mu da muka yi shekara biyar a BUK fa

Ummu Hanan:
Yanzu kuma sabuwar rigima ta tashi

Maman Khalifa:
Abba don Allah ka duba saƙonka na yi maka magana ta gefe, a Ɗorayi nake, in kawun zai iya zuwa ya duba kafin Juma'a